Kunyar 'Yar Fari

Ƙanwata ta haifi 'ya'ya biyar, amma in aka tambaye ta sai ta ce huɗu. Ba mantuwa ba ce, ba kuma lissafi ne ya gagare ta ba. Ta farin ce ba ta sawa a ciki. Haka muka tashi muka tarar: mace ba ta kiran sunan ɗanta na fari, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, ba ta tambayar ko ya ci ko bai ci ba, in ya faɗi a gabanta sai ta kau da kai ta jira wani ya ɗaga shi. Ana ce wa wannan kunya, ana kuma yabon mace da ita kamar yadda ake yabonta da iya tuwo. Ƙanwata kuwa ta iya ta fiye da kowa, har tsofaffin garinsu suna ba amare misali da ita.

Aure ya kai ta wani ƙauye cikin ƙasar Tajaye, ni kuma ina Konni da keken ɗinkina. Ana yaye yarinyar aka kwashe 'yan kayanta aka kai ɗakin kakarta, uwar mijin, wadda kowa ke ce wa Hajiya. Gida ɗaya ne, dangar kara ce kawai tsakanin ɗakunan biyu. Daga ranar ta zama “'yar Hajiya” a bakin uwarta, in kuma magana ta yi tsawo, sai ta koma “waccan”. Uban ɗan cin rani ne. Da an gama girbi sai ya nufi bakin teku neman abinci, wata shekarar har damina ta wuce ba a gan shi ba, gida ya zauna a hannun wansa.

Yarinyar baki gare ta kamar rediyo. Duk hutun lakwal, wato makaranta, wurina take yi. Takan shige ƙarƙashin keke tana tsintar ƙyallaye, tana haɗa wa 'yar tsanarta zane da kallabi, kunnenta kuma yana kan masu kawo ɗinki. Akwai wata mai jiki da kullum take rantsuwa cewa ita ba ta ƙaru ba, abin awona ne ya tsuke. Matar tana fita yarinya za ta miƙe, ta tura ciki gaba, ta riƙe ƙugu ta maimaita maganar da muryarta sak, sannan ta ce, “Inna, ki hwaɗa mata gaskiya mana, tuwo na.” Nakan kai mata duka da tsumma ina dariya har allura ta soke ni. Ni Allah bai ba ni haihuwa ba, kuma ban taɓa ɓoye cewa ita ce ta cika mini ɗaki ba.

A wata bazara, tana da shekara goma sha ɗaya, suka tafi rijiya da ƙawarta, 'yar maƙwabtansu. Rijiyoyin can zurfi gare su, gugan roba in ya cika ya fi ƙarfin yaro ɗaya, saboda haka yara biyu ke jan igiya. Ƙawar tana gaba, ƙafarta a kan gungumen da aka gitta a bakin rijiya, wanda ruwa da igiya suka goge har ya yi santsi. Tamu tana baya. Guga ya kusa fitowa ƙafar ta gaba ta zame. Ta faɗa riƙe da igiyar, igiyar kuma ta zare da gudu ta cikin tafin hannun tamu, ta tafi da fata. Kafin maza su zo su sauka, rai ya yi halinsa.

Kafin la'asar an yi jana'iza. Gari duka ya tafi gaisuwa. An gai da uwar marigayiya, an gai da uban, an gai da kakanni, har maƙwabta an ce musu sannu da haƙuri. Wadda igiya ta zare a hannunta ba wanda ya ce mata ko sannu, don a wurinmu ba a yi wa yaro gaisuwar mutuwa. Wai bai san komai ba, wai gobe zai manta. Hajiya ta shafa mata man shanu a tafi, ta ce ta yi shiru, ba a yi wa wanda Allah ya kira kuka. Yarinya kuwa ta ji magana. Ta yi shiru, ta ci gaba da yin shirun.

Duk wannan daga baya na ji shi. Wannan hutun ba a kawo mini ita ba, aka ce aikin gona ya yi yawa. Ina kiran ƙanwata a waya, in tambayi kowa da kowa, ta ce mini kowa lafiya lau. Sai da gero ya nuna wata mata daga garinsu ta kawo mini ɗinki, ina cikin awo ta ce:

“Ƙaƙa jikin ɗiyar taku?”

“Wace ɗiya?”

“A'a, ba ki jiya ba? Ɗiyar ƙanwarki mana, wadda iskan rijiya sunka kama. Ai ran kasuwa mai zuwa za a kai ta wurin mutumen nan na bakin iyaka.”

Mutumen ban taɓa ganinsa ba, amma na ga aikinsa. Akwai wani yaro a unguwarmu da aka kai masa. Ya dawo da tabon marin ƙarfe a idon sawu, da shatin bulala a baya, idanunsa sun lalace da hayaƙin barkono, kuma abin da aka kai shi dominsa yana nan yadda yake, sai dai ya koyi ɓoye kansa in ya ji tafiyar babba. Iyayensa suka ce ya sami sauƙi tunda ya daina damun mutane. Na bar matar da zane a kafaɗa, na rufe shago, na shiga motar Tajaye. Daga can ɗan kabu-kabu ya ƙarasa da ni a babur, ina bayansa ina ta faɗa ni kaɗai har ya waiwayo ya tambaye ni ko da shi nake.

Na yi sallama na tarar da ƙanwata a tsakar gida tana daka. Ta aje taɓarya, ta kawo mini ruwa, ta tambaye ni hanya, ta tambaye ni mutanen Konni ɗaya bayan ɗaya. Na ce mata ina yarinyar. Ta sunkuyar da kai ta ce, “Yaya, ki tambayi Hajiya.” Ta koma kan turminta.

A ɗakin Hajiya na same ta, tsakanin gado da bango, ta haɗa kai da gwiwa. Ɗakin yana warin turare da hayaƙi. An rataya mata layu a wuya da damtse har da ƙugu. Ta rame, leɓɓanta sun tsage, gashin gaban kanta ya zube inda take tsigarsa. Hannuwanta duka biyu a dunƙule suke, tun tuni ciwon ya warke amma ba ta buɗe su. Na durƙusa na kira ta, na ce ga Innarki ta Konni, na zo miki da ƙyallaye. Ta ɗago ta dube ni, na kuma tabbata ta gane ni, sannan ta mai da kanta inda yake. Na tashi na fito waje.

Hajiya ta ba ni labari tana share hawaye da bakin zane. Ta ce yarinya ba ta shan ruwan rijiya ko za ta mutu, sai ɗan farau-farau in an matsa mata. Ba ta barci sai firgita. An mai da ita lakwal da aka koma, ran nan yara suna wasan tsallen igiya ta ƙwala ihu ta faɗi tana karkarwa, tun daga nan aka cire ta, yaran gari kuma suka sa mata suna mai aljanin rijiya. An yi rubutu, an yi tofi, an yi turare, an yanka abin da aka ce a yanka. Ba zan ce Hajiya ba ta son jikarta ba, ƙarya zan yi. Tsohuwar ita ma ta rame. Sai dai duk abin da ta yi, da aljani take magana, ba ta taɓa zama ta yi magana da yarinyar ba.

Muna cikin haka wan mijin ya shigo daga gona. Bayan gaisuwa na ce:

“Hajiya, ku ba ni ita in kai ta likita Konni. Akwai masu duba irin wanga ciwo. Yarinya ta ga abin da ya hi ƙarhinta na, ba komi ba.”

“Ciwon iska ba na likita ba na,” in ji Hajiya. “In anka yi mata allura ƙara husata su za a yi.”

“To mari da bulala su za su lallashe su? Na ga yaron da anka kai can, Hajiya. Da idona nig gane shi.”

Wan mijin ya gyara tsayuwa. Shi ba mugu ba ne, mutum ne da yake ganin amanar ƙaninsa ce a wuyansa, kuma ya riga ya gaya wa mutane ranar tafiya. Ya ce:

“Ke dangin uwa ta, ɗiya kau tamu ta. Mun yi waya da ubanta, ya ce a yi abin da ya dace. Uwar da ta haihe ta ga ta can. Kin ji ta ce wani abu? Ba ta ce komi ba. To ke da ba ki taɓa haihuwa ba, mi naki ciki?”

Maganar haihuwar ta soke ni, amma na saba da ita, mata sun sha jefa mini a bakin shago. Wadda ta tafasa mini zuciya ita ce ta farko. Uwar ba ta ce komai ba! Yo ta yaya za ta ce? Su suka ɗinke mata baki tun ranar suna, suka yi ta yabon ɗinkin shekara goma sha ɗaya, yau kuma suna nuna shi a matsayin shaidar ta yarda. Da ta yi magana a ce ba ta da kunya, da ta yi shiru an ce ta amince a ɗaure 'yarta. Na gaya masa haka, da ƙari a kai, muryata har bayan gida. Hajiya ta ce in ji tsoron Allah ni baƙuwa ce. Shi kuma ya karkaɗe rigarsa ya fita. Duk wannan abin, daka bai tsaya ba. Ina jin taɓarya tana sauka a turmi ɗaya bayan ɗaya, har na ji kamar in je in fizge ta in jefar bayan danga.

Na ce ba inda za ni sai na ga ranar kasuwar nan da idona. Washegari da hantsi ƙanwata ta ɗauki ƙwarya ta tafi roron wake, na bi ta. Sai da muka yi nisa cikin gona, gero ya rufe mu, sannan na tare ta.

“Ke wace irin uwa ta? Wata nawa ina kiranki kina ce mani lahiya lau?”

Ta ci gaba da tsinkar wake.

“Da ke nikai. Za su ɗaure ta kamar akuya, ke kina daka.”

Sai ta aje ƙwaryar ta zauna a kan kunya tsakanin shuka, ta fara magana ba tare da ta dube ni ba. Ashe ba abin da ba ta sani ba. Ta san yarinya takan firgita in ta ji kukan jakin da ke jan ruwa. Ta san in aka zuba ruwa a randa takan toshe kunne. Ita ce ta gane ruwan leda yarinya ke iya sha, don bai fito daga rijiya ba, take sayowa a ɓoye ran kasuwa ta ba ƙaramin ɗanta ya aje a ƙofar Hajiya kamar shi ya ga dama. Da rana in gida ya watse, takan zauna a gindin dangar nan da tsintar hatsi a hannu, kunnenta a jikin kara.

“Tana magana, Yaya,” in ji ta. “Su cewa sukai ta kurumce. Tana magana in ba kowa. Akuyar Hajiya taka hwaɗa ma. Kullum abu guda: ni nis saki. Ni nis saki igiya.”

Na ji kamar an zuba mini ruwan zafi. Na ce, “Kin ji wanga da kunnenki, ba ki ƙetara danga kin ce mata ba laihinta na ba?”

“In ƙetara in ce mi? Gaban Hajiya? Mi za a ce da ni garin ga?”

“A ce abin da za a ce!”

Sai a nan ta ɗago ta dube ni, idanunta jajur. “Ke gobe kina Konni bisa kekenki. Ni ka zama nan. Ni ka zuwa rijiya da su, ni ka zuwa biki da su, ɗiyana huɗu cikinsu za su tashi. Kin iske hwaɗa da sauƙi don ba ke za a nuna da baki ba.”

Ba ta yi ƙarya ba, shi ya sa ma abin ya ƙara ba ni haushi. Na rasa wanda zan kama. Na so a ce akwai mugu guda a gidan nan in tsaya a gabansa in zazzage masa, amma babu. Akwai tsohuwa mai son jikarta, da namiji mai riƙon amana, da uwa mai ladabi, kuma su ukun nan da kyakkyawar niyyarsu za su kai yarinya inda za a sa mata mari. Na ce wa ƙanwata ni dai ba ni da iko, an gaya mini a fuskata. Duk duniya mutum ɗaya ne zai ce a'a a saurare shi, ita ce, don ba wanda ya taɓa jin ta ce komai. Ta ɗauki ƙwaryarta, muka dawo gida.

Ran kasuwa da safe wan mijin ya kawo amalanke ƙofar gida, wanda zai kai su bakin titi su shiga mota. Mata maƙwabta suka shigo, wai sun zo yi wa Hajiya Allah kiyaye hanya, alhali kallo ya kawo su. Na tsaya a ƙofar ɗakin na ce sai dai a bi ta kaina. Ya ce in matsa, na ƙi, wasu mata biyu suka riƙe ni suna ba ni haƙuri kamar ni ce marar lafiyar. Hajiya ta fito da yarinyar tana lallashinta. Ta taho salin-alin har tsakar gida. Da ta hangi jaki a ƙofa sai ta toge, ta fara ja da baya, tana fizge hannu.

Wani daga waje ya ce in ba a ɗaure ta ba za ta diro daga amalanke a hanya. Wan mijin ya waiga yana neman abin ɗauri. Abin da ya fi kusa da hannunsa shi ne igiyar guga da ke rataye a jikin danga. Ya zaro ta, ya nufo yarinyar yana warware ta.

Ihun da ta yi ban taɓa jin irinsa daga bakin ɗan Adam ba, kuma ba na fatan in sake ji. Ta zube ƙasa, ta tura dunƙulallun hannuwanta ƙarƙashin cikinta, jikinta duka yana rawa. Matan suka ja baya suna salati, wata tana cewa ga su nan sun taso. Ni ina ta ƙoƙarin ƙwacewa ina zagin duk wanda idona ya faɗa a kansa.

Sai na ji an kira sunan yarinyar.

Muryar ba ta da ƙarfi, har ta ɗan shaƙe kamar ƙofar da aka daɗe ba a buɗe ba. Amma duk wanda ke gidan ya san muryar wace ce, ya kuma san bai taɓa jin wannan suna a cikinta ba. Ƙanwata ta taho daga wajen murhu, hannunta duk gari, ta ratsa ta tsakanin matan, ta wuce ta gaban surukarta, ta durƙusa a ƙasa. Ta sake kiran sunan, wannan karon da ƙarfi. Ta ɗago yarinyar ta rungume ta a ƙirji, a gaban Hajiya, a gaban wan miji, a gaban duk masu ba amare misali da ita.

“Ba ke kis saki ba,” take ce mata. “Kin ji ni? Ba ke kis saki ba. Igiya ta hi ƙarhinki. Ko babanki na riƙe da ita sai ta zare. Na ga hannunki, kin riƙe har hwata ta tahi. Kin riƙe, ɗiyata.”

Yarinyar ta daina ihu. Ta yi wata irin ajiyar zuciya, sannan kuka ya zo, kukan gaske mai hawaye, wanda aka hana ta tun bazara. Ƙanwata ta ɗaga kai ta dubi wan mijinta, mutumin da ko ido ba ta taɓa haɗawa da shi ba, ta ce:

“Ka ce ban ce komi ba. To yanzu na ce. Ba a ɗaure ta. Likita za ni kai ta, da ni da yayata.”

Ya tsaya da igiya a hannu yana duban uwarsa. Shi ne ɗan farin Hajiya, ga furfura a gemunsa, kuma ita ma ba ta taɓa kiran sunansa ba. Tsohuwar ta daɗe tana kallon su biyun a ƙasa. Can ta ce, ba tare da ta dube shi ba, “Kai wanga, aje igiyar nan.”

Amalanken da aka kawo don kai ta wurin mai mari shi ya kai mu bakin titi, yarinya a cinyar uwarta, fuskarta cikin mayafi don kada ta ga jakin.

A asibitin Konni aka haɗa mu da wata ma'aikaciya mai duba masu ciwon damuwa. Ba ta yi wani abin al'ajabi ba. Ta ba yarinya kujera, ta gaishe ta kamar babba, ta ce mata sannu da rashin ƙawarki. Ita ce mutum ta farko da ta yi mata gaisuwar. Sannan ta juya tana tambaya: yaushe ya fara, me ke firgita ta, tana barci, tana ci. Na buɗe baki zan amsa sai na ga ba abin da na sani, ƙanwata ce ke amsawa ɗaya bayan ɗaya ba gargada. Da aka tambaye ta 'ya'yanta nawa, ta ɗan yi jim, ta ce biyar, wannan ce ta fari. Ma'aikaciyar ta ce ciwo ne sananne, yaro in ya ga abin tsoro hankalinsa yakan tsaya a wurin, kuma ana warkewa, amma da sannu, da magana, da dawowa a kai a kai. Ta ce addu'a kada mu fasa, ɗauri da duka ne ba ta yarda da su ba.

Yarinyar ta zauna wurina. Sauƙin bai zo a miƙe ba. Wani mako ta ci ta sha har ta taɓa ƙyallaye, wani mako mai ruwa ya wuce da kurarsa ta koma bayan gado. Na cire duk wata igiya daga gidana, shanya ma a kan katanga nake yi. Uban ya kira daga can yana faɗa an kunyata wansa, na ce ya dawo ya ga 'yarsa sannan mu yi maganar kunya. Hajiya ta aiko da fura da man shanu. Ƙanwata kuma takan zo duk lokacin da za a koma asibiti, da goyo a bayanta, ta kwana biyu ta koma.

Abin da har yau yake ci mini rai shi ne abin da garin ya riƙe. In ka je yanzu ka tambaya, ba mai ba ka labarin yarinyar da ta yi wata da watanni tana gaya wa akuya cewa ita ta kashe ƙawarta. Labarin da ake bayarwa shi ne na matar da ta kira sunan 'yar farinta a gaban suruka. An daina ba amare misali da ita. A bakin rijiya mata sukan yi shiru in ta iso, wata ta taɓa ce mata ashe zaman Konni ake koya mata. Gungumen nan mai santsi kuwa yana nan a bakin rijiyar inda yake, yara suna taka shi kullum, ba wanda ya ga abin kunya a wannan.

Magana ta dawo wa yarinyar kaɗan-kaɗan, i da a'a, sai Inna, sai ruwa. Wata rana da yamma uwar ta zo, muna zaune a shago, ina ɗinki, ita tana warware mini zare. Ta ɗaga kai ta kira yarinyar ta miƙo mata almakashi. Har lokacin sunan bai zauna mata a baki ba, in za ta faɗe shi sai ta rage murya ta waiga ko akwai mai ji. Yarinyar ta fito daga ƙarƙashin keke, ta miƙa almakashin da buɗaɗɗen hannu, tabon yana nan fari a tafinta. Ta tsaya tana kallon uwarta, kai a karkace, irin kallon da take yi wa mai jikin nan kafin ta kwaikwaye ta. Na tsai da keke.

“Ashe kin san sunana,” in ji ta.

Ƙanwata ta ja mayafi ta rufe fuska, kafaɗunta suna rawa, ban san ko dariya take ko kuka ba. Daga cikin mayafin ta sake kiran sunan, yarinyar ta ce na'am.